Bakwaini A Gida: Tsakanin Kunya Da Amana

 

 A wannan fitowa ina so mu tattauna wata tambaya wadda a ido ƙarama ce, amma ta sha raba kan uwa da 'ya, ta kuma sha haɗa suruka da matar ɗanta faɗa. Ki ɗauka ke ce Allah Ya sauke ki lafiya alhali cikin bai cika wata tara ba. Jaririn ya yi mako uku a kwalba, yau an sallame ku. Likita ya ja miki kunne cewa a rage masu shiga ɗaki, kuma kada kowa ya taɓa shi sai ya wanke hannu da sabulu. Kuna isa gida kika tarar da falo cike da 'yan barka, ga uwar mijinki ta miƙo hannu tana cewa, "Kawo min maigidan nawa in gan shi." To, me za ki yi? In kin miƙa shi kin saɓa wa likita. In kin ce a wanke hannu tukuna, kafin magariba labari ya zaga dangi cewa matar wane ba ta da kunya, ƙyamar mutane take yi. Tsakanin kunyar nan da muka gada da amanar ran da aka damƙa miki, wanne za ki gabatar?

Wane ne bakwaini?

Mu Hausawa muna cewa bakwaini saboda wata bakwai, amma a wurin likitoci duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 yana cikin wannan sahu. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 an haifi irin waɗannan jarirai kimanin miliyan 13.4, wato ɗaya cikin kowane goma. Najeriya ce ta uku a yawansu, bayan Indiya da Pakistan. Kin ga ashe ba baƙon abu ba ne. Musulunci ma ya san da zamansu tun farko. Malaman fiƙihu sun haɗa ayar Suratul Ahƙafi da ta ambaci wata 30 na ciki da yaye, da ayar Suratul Baƙara da ta ambaci shekara biyu ta shayarwa, suka fitar da cewa mafi ƙarancin lokacin ciki wata shida ne. Da wannan hukunci aka kare mutuncin mata daga zargi, aka kuma tabbatar wa ɗan wata shida nasabarsa da haƙƙinsa cikakku.

Abin da ya kamata ki gane game da jikinsa shi ne, bai gama haɗa guzuri ba tafiya ta kama shi. Mafi yawan sinadaran garkuwar jiki da uwa ke ba ɗanta ta mabiyiya, a watanni ukun ƙarshe suke ƙetarawa. Wanda ya fito da wuri ya fito da kaɗan. Fatarsa siririya ce, ba ta tare ƙwayar cuta kamar taki. Ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, huhunsa kuma bai gama ƙwari ba. Murar da za ki yi kwana uku kina aikinki da ita, shi tana iya mayar da shi gadon asibiti da robar iska a hanci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi kuwa bangonsa ba a ma gama ginawa ba.

Tsarki daban, tsabta daban

A Islamiyya, ko Ahalari muka ɗauko ko Ishmawi ko Iziyya, babin tsarki yana gaba da babin salla. Hadisin da Imam Muslim ya ruwaito ya ɗauki tsarki a matsayin rabin imani. Wannan ya sa da yawa daga cikinmu, in aka ce mu wanke hannu, amsar da ke fitowa ita ce, "Ai da alwalata." Gaskiya ne Hajiya tana da alwala, kuma sallarta ta inganta. Sai dai mu tuna yadda malamanmu na Malikiyya suka siffanta ruwan da ake tsarki da shi: wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sauya ba. Ƙwayar cuta kuwa ba ta sauya ko ɗaya daga cikin ukun. Bayan alwalar nan an riƙe kuɗi, an riƙe ƙarfen Adaidaita Sahu, an gaisa da mutum goma, an share hanci da gefen mayafi, an danna waya. Duk wannan bai karya alwala ba, amma hannun ya kwaso abin da jikin bakwaini ba zai iya ɗauka ba.

Kuma shari'a ba ta bar mu a duhu ba game da abin da ido ba ya gani. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana wanda ya tashi daga barci tsoma hannu cikin ƙwaryar ruwa kafin ya wanke shi, dalilin da ya bayar shi ne mutum bai san inda hannunsa ya kwana ba. Ki lura, ba a ce an ga ƙazanta a hannun ba. Rashin sanin kawai ya isa hujja. In haka ne game da ruwan alwala, ina ga ran ɗan Adam mai nauyin kilo ɗaya da rabi?

Fushin masu hannu ba yau ya fara ba

A shekarar 1847, a babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani likita mai suna Ignaz Semmelweis ya lura cewa masu jego sun fi mutuwa a ɗakin da likitoci ke karɓar haihuwa fiye da ɗakin ungozomomi. Ya gano cewa likitocin suna tasowa daga binciken gawa su wuce kai tsaye wurin masu naƙuda. Sai ya wajabta musu wanke hannu da ruwan da aka zuba wa sinadarin kilorin. A watan Afrilu na shekarar, kusan 18 cikin 100 na matan ɗakin ne suka mutu. Zuwa watan Yuni adadin ya sauko kusan 2 cikin 100. Kin zaci an gode masa? Manyan likitoci da dama haushi suka ji, don a ganinsu an ce musu ƙazamai. Mata suka ci gaba da mutuwa a wasu asibitocin saboda girman kan masu ilimi. Ashe jin zafin kalmar "wanke hannu" ba halin Bahaushe ba ne shi kaɗai, halin ɗan Adam ne. Kowa yana jin cewa hannun wani ne ke ɗauke da cuta, ban da nasa.

Kada kuma wata ta ce ai yanzu akwai magani, in ya kamu a yi masa allura. Tsakanin 2015 da 2018 an gudanar da wani babban bincike mai suna BARNARDS a ƙasashe bakwai na Afirka da Kudancin Asiya, kuma Asibitin Murtala na nan Kano yana cikin wuraren da aka yi aikin. Sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna cewa da yawa daga ƙwayoyin da ke shiga jinin jarirai sun daina jin magungunan farko da aka saba ba su. Ma'ana, in cutar ta shiga, ba kullum ake samun saurin fitar da ita ba. Rigakafi ya fi magani, a nan kam har ya fi shi araha.

Gida mai ƙamshi da ɗaki mai lafiya

Mu da ke zaune a Nassarawa da makamantanta muna da wata jarrabawa ta daban. Gidajenmu da tayil, da labule mai nauyi, da kafet, da mai aiki tana goge-goge safe da yamma. Sai mu ɗauka mun gama da babin tsabta. Alhali abubuwa da dama da muke kira gyaran gida su ne abokan gabar bakwaini.

Ɗauki turaren wuta. Wace mai jego ce ba a kunna mata kasko? Amma hayaƙi hayaƙi ne a huhun da bai ƙosa ba, ko na sandal ne ko na hawi. Haka maganin sauro na kunnawa da na fesawa: gidan sauro ya fi su. Janareta in yana kusa da taga, iskar da yake fitarwa tana kisa ba tare da an ji warinta ba, haka ma garwashin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin hunturu. Kafur ɗin da muke jefawa cikin akwatin kayan jarirai yana fasa jinin wasu yaran, ya jawo musu shawara mai tsanani wadda kan taɓa ƙwaƙwalwa. Hodar da ake bulbula masa, shaƙarta yake yi. Kwallin gargajiya sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Na'urar sanyaya ɗaki da fanka kuwa ɗuminsa suke sacewa. Zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5 a ma'auni, ɗakin kuma kada ya yi ƙasa da 25.

To mece ce tsabtar da yake buƙata? Mai sauƙi ce, har macen da ke ɗaki ɗaya a Brigade ko Gama za ta iya. Sabulu da ruwa mai zuba, ko daga famfo ko a zuba miki da buta, ki cuɗa kamar daƙiƙa 20 har tsakanin yatsu. Ban da kwano ɗaya da kowa zai tsoma hannu. Ki yi haka kafin ki ɗauke shi, kafin ki tatsi nono, bayan kin sauya masa ƙunzugu, da bayan kin fito daga banɗaki. Yanke farce, cire zobba, ajiye waya gefe. Kayansa a wanke su daban, su sha rana, a goge. Ƙura a share ta da jiƙaƙƙen tsumma lokacin da ba ya ɗakin. In bai iya kama nono ba tukuna, ƙaramin kofi da cokali sun fi bulumboti sauƙin wankewa, a kuma tafasa su. Nonon da aka tatsa kada ya wuce awa 4 a waje, a zafin Kano ma gara a gaggauta. Cibiya a bar ta a bushe, ban da gashi da tsumma, ban da man goge baki ko toka. In asibiti sun ba ki man kulohezidin, na cibiya ne kawai, kada ya kusanci ido. Jihar Sakkwato tun 2013 ta fara raba shi ga masu haihuwa a gida.

Sannan wuri mafi aminci gare shi a duk faɗin gidan nan shi ne ƙirjinki. Goyon ƙirji, fata da fata, wanda likitoci ke kira goyon kangaru, an fara shi a 1978 a birnin Bogota na Kolombiya saboda ƙarancin kwalba. Wani bincike da aka fitar a 2021, wanda aka yi a ƙasashe biyar har da Najeriya a Ile-Ife, ya nuna cewa fara shi nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin 100. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa fara shi da zarar an haihu. Ga wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: jaririn da ke ɗaure cikin rigar uwarsa, ba mai cewa a miƙo shi.

Ina matsayin kunya da zumunci?

Kunya alheri ce, ba mai musun wannan. Sai dai malamai sun bambance kunyar da ke hana mutum aikata mummuna da wadda ke hana shi sauke wajibi. Ta biyun rauni ne da ya ari sunan kunya. Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su neman sanin addininsu ba. Mu kuwa akwai alkunyar ɗan fari, wadda kan sa yarinya ta zuba ido ana juya ɗanta hannu zuwa hannu, zuciyarta tana bugawa, amma ba ta iya buɗa baki kada a ce ta cika son ɗa. Ki auna da kanki. In kin yi magana, abin da zai faru shi ne ran wata ya ɓaci na kwana biyu, a ba ta haƙuri ya wuce. In kin yi shiru, abin da kan iya faruwa ba ya gyaruwa da ban haƙuri. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani. Kuma kunyar taki ce, kina da ikon sadaukar da ita. Ran kuwa ba naki ba ne, ajiya aka ba ki.

Zumunci fa? An ce a ƙafa yake, ba a ce a hannu ba. Wadda ta tako ta zo barka, ta gaishe ki, ta yi addu'a daga bakin ƙofa, ta sauke nata nauyin, ladanta kuma cikakke ne. Addu'a tana isa ba sai an yi tofi a fuskarsa ba, ba sai an ɗura masa rubutu ko zuma ba. Zuma ma likitoci sun hana ba yaron da bai kai shekara ba. A Suratun Nur, aya ta 28, Allah Ya koya wa baƙo cewa in masu gida suka nemi ya koma, ya koma, hakan ya fi masa tsarki. Ashe mai gida yana da haƙƙin cewa ba yau ba, baƙo kuma ba shi da hujjar riƙe shi a zuci. Yankan suna da raɗa suna ana yinsu ranar bakwai ko jaririn yana kwalba. Taron mata da ake cika gida al'ada ce, ana iya ɗaga ta zuwa lokacin da ya yi ƙwari. Wanzami kuma ya yi haƙuri da batun cire beli, wannan ko ga cikakken jariri haɗari ne. Mun dai ga yadda mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022, Kano ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa. Ta numfashi da tari yake yaɗuwa, kuma mutum kan ɗauke shi bai sani ba. Mai mura, mai tari, mai ƙurji a leɓe, da yaran da suka dawo daga makaranta, duk su dakata.

"Ai rai na Allah ne"

Wannan ita ce magana ta ƙarshe da za a jefe ki da ita: "Mu da muka haifi goma ba mu yi wannan iyayin ba, abin da Allah Ya rubuta ba makawa." Rabin maganar gaskiya ne, rai na Allah ne. Amma wa ya fi sahabbai tawakkali? Lokacin annobar Amwas, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, Sayyadina Umar ya nufi Sham, da ya ji labarin cutar sai ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Annabi (SAW) ya umarci mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya dogara ga Allah, ya kuma hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya. In an kiyaye raƙumi haka, ɗanki ya fi cancanta. Iyayenmu da suka haifi goma kuwa, a tambaye su cikin ladabi nawa suka binne. Ba laifinsu ba ne, iyakar abin da suka sani suka yi. Mu da sani ya iso mana, hisabinmu ba ɗaya ba ne da nasu.

Haka nan, 'yar'uwa, in kin yi iya yinki kuma Allah Ya karɓi abinSa, kada ki kashe kanki da zargi, kada kuma ki ɗora wa wata. Ba a tambaye ki sakamako ba, ƙoƙari aka tambaye ki.

Kada tsabta ta koma ƙyama

Ga inda nake so mu ja wa kanmu kunne. Unguwar nan tamu tana da tarihi. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun kafa mazauninsu a Nassarawa da Bompai, nesa da birni. Dokar garuruwa ta 1917 ta zamanin Lugga ta tanadi a bar fili na yadi 440 babu gidan kowa tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, da sunan kare lafiya daga zazzaɓi. Wato an taɓa fakewa da tsabta a wannan wuri aka ware kakanninmu. Abin kunya ne a ce yau mu ne muke yi wa 'yan'uwanmu haka.

Yadda za ki gane ko tsabtarki amana ce ko ƙyama abu ne mai sauƙi: wa dokar ta hau? In gwaggo da ta zo daga ƙauye aka nuna wa sabulu, amma ƙawarki da ta sauko daga mota tana ƙamshi aka miƙa mata jariri, to wannan wariya ce. Ƙwayar cuta ba ta san leshi ba. In mai aikinki ce ke wanke ƙunzugu da kofunan nono, ki tambayi kanki ko kin ba ta sabulu da ruwa wadatattu a inda take kwana, ko kin kai ta asibiti da ta fara tari, ko kuwa tsawa kawai take sha. Lafiyarta lafiyar ɗanki ce, kuma ita ma 'yar wasu ce da aka ba ki amana. Doka ta hau kowa, ta fara daga kanki da maigida. Ki ajiye buta da sabulu da tawul mai tsabta a ƙofar ɗaki, ki fara wankewa a gaban mutane.

Maigida kuma shi ya kamata ya tari mahaifiyarsa tun kafin a sallamo ku. Kalma ɗaya daga bakinsa ta fi goma daga naki sauƙin haɗiya. Ki ce masa, "Abban yara, don Allah ka yi wa Hajiya bayani da kanka, ka ce likita ne ya shar'anta." In kuma ta kama ke za ki faɗa, sai ki rusuna ki ce, "Hajiya, ga ruwa in zuba miki, haka suka ce mu riƙa yi, ni ma yanzu na wanke." Mafi kyau ma ki damƙa mata tsaron ƙofar. Kakar da aka ba wannan matsayi, wallahi ta fi ki iya korar masu mura.

Daga ƙarshe, ki riƙe waɗannan alamu. In ya ƙi shan nono, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙirjinsa yana lomawa ciki, ko ya saki jiki, ko ya yi jijjiga, ko tafin hannu da na ƙafa suka yi rawaya, ko cibiya tana ruwa tana wari, kada a jira gari ya waye, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A nufi asibiti mafi kusa mai sashen jarirai, kamar na Malam Aminu Kano ko na Murtala.

Watanni kaɗan ne, 'yar'uwa. Wadda ta yi fushi yau, ita za ta goya shi gobe tana yi masa kirari. Allah Ya raya mana zuriyarmu bisa tafarkin Musulunci, Ya ba masu jinya lafiya, Ya ba mu ikon riƙe amana ba tare da mun wulaƙanta kowa ba.